Dariyar da Ta Kori Nana Daga Isa

Ranar Litinin ce, ta farko bayan hutun Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji uku a makarantar firamaren garinmu Kamarawa. An yi ruwa da safe, filin makaranta ya jiƙe, laka tana riƙe mana silifa. Da aka buga tsohon ƙarfen motar da ke rataye a bishiya aka tashe mu tara, 'yan mata suka kewaye gindin dogon yaro za su yi gaɗa. Ina tsaye daga baya da ƙullin dafaffen rogo a hannu, ina son shiga, ina jin tsoro. Sai Luba, wadda ta fi kowa tsawo da baki a ajinmu, ta yafito ni tana murmushi. Na ɗauka kiran arziki ne. Ina shiga tsakiya ta fizge hijabina, ta ɗaga shi sama, ta nuna wuyana da yatsa ta ce, "Ku taho ku ga ƙanzo." Dariya ta tashi ko'ina. Rogona ya faɗi cikin laka, na sa hannu biyu na rufe wuya, na rasa ta inda za ni bi in fita, don da'irar ta rufe. Kafin a koma aji sun riga sun haɗa waƙa da sunan, suna tafi suna juyi.

Tabon ƙuna ne da ni, daga ƙasan kunnen hagu ya gangara har kafaɗa. Ina ƙarama ƙwarai, ban daɗe da fara tafiya ba, na yi tuntuɓe da icen murhu, tukunyar kunu ta kife a kaina, na faɗa kan garwashi. Ban tuna zafin ba. Abin da ya bar mini shi ne fata mai tamoji, baƙa a wani wuri, ja a wani wuri, da kuma tsoron wuta. Idan Inna ta hura murhu ni can nake zama bakin rumbu. Sa'annina suna ɗora sanwa, suna iza ice, ni ko ashana aka ƙyasta kusa da ni sai na zabura. Saboda haka da Luba ta kira ni ƙanzo, wato ƙonannen tuwon gindin tukunya, ban ji a raina cewa ƙarya ta yi ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Sunan ya bi ni. Ya bi ni rijiya, ya bi ni hanyar gona idan za ni kai wa Baba fura, ya bi ni makarantar allo. Har yaran da ban taɓa magana da su ba sun san shi. A aji na koma layin ƙarshe, jikin bango, inda tagar da ta karye take shigo da rana. A nan na tarar da Nana. Yarinya ce siririya mai manyan idanu, tana da in'ina mai tsanani. Idan za ta faɗi kalma sai leɓɓanta su yi ta rawa, ta runtse ido, wani lokaci ta buga ƙafa a ƙasa kafin maganar ta fito. Ita suna kiranta injin niƙa, don sun ce haka inji yake yi kafin ya tashi. Ba mu taɓa zama muka ce mu zama ƙawaye ba. Wurin zama ne ya haɗa mu, sai tafiya gida tare, sai raba abin tara, har ya zama idan ɗaya ba ta zo ba ɗayar ba ta fita waje.

A gidanmu, ranar da na dawo da hijabi duk laka, Inna ta yi kuka ta ce gobe ba inda za ni, in zauna in taya ta surfe. Baba ba ya nan, a lokacin yana ɗaukar kaya a babur zuwa kasuwannin Nijar, sai ya yi kwanaki bai dawo ba. Wadda ta hana ni zama ita ce Gwaggo Hajo, yayar Baba, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta. Sana'arta matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mace ce marar yawan magana, hannayenta kullum suna ƙyallin mai. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma ce mini tabon ba ya ganuwa ba, kamar yadda Inna takan ce. Ta dube ni ta ce, "Makaranta kina zuwa gobe. In kin taso, ki iske ni wurin aiki."

Na same ta kamar yadda ta ce. Da na ga kaskon suya a kan wuta na ja na tsaya, na ce, "Gwaggo, ba ni iyawa." Ta ce, "Yau ba ki iyawa. Zamna can ki ɓare man gujiyag ga." Ta turo mini kwandon gyaɗa nesa da murhu. Haka muka fara. Na yi makonni ina ɓara kawai. Daga nan ta sa ni murje soyayyar gyaɗa a faifai in sheƙe, ta matso da tabarmata kaɗan. Bayan an kai niƙa an dawo, ta koya mini juya tunkuza a turmi, ana zuba ruwan zafi kaɗan kaɗan har mai ya fara tsattsafowa. Ranar da na ga mai ya taso a ƙarƙashin hannuna, ja mai ƙamshi, na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa ganin mai ba. Sai mulmula ƙuli, sai miƙa mata faranti a bakin murhu, sai iza ice ɗaya in ja baya da gudu. Idan na ɓata abu ba ta karɓe shi daga hannuna ba, ta bar ni in sake. Idan na yi daidai ba ta zuba mini kirari ba, sai dai ta ce, "To, wannan kin iya shi. Saura na gaba." Kaka ta wuce, aka yi roron wake, aka ɗaure dammunan gero aka zuba a rumbu, rani ya shigo. Wata rana da la'asar ta miƙo mini matsami, ta tashi ta ce za ta yi alwala. Ta bar ni ni kaɗai da kaskon mai yana tafasa. Na jefa ƙuli na farko, na biyu, na kwashe su da suka yi ja. Da ta dawo ta ɗauki ɗaya ta gatsa, ta gyaɗa kai, ta ci gaba da abin da take yi. Daga baya Inna ta gaya mini Gwaggo ba alwala ta tafi ba, tana bayan danga tana leƙe na.

Ba za ni ce daga ranar na daina jin zafin sunan ba. Amma wani abu ya sauya a cikina. Na riga na ga abin da na rantse ba za ni taɓa iyawa ba ya zama aikina na kullum, har maƙwabta suna cewa ƙulin Balki, wato nawa, ya fi na Gwaggo laushi. Sai na fara tunanin watakila sauran abubuwan da nake tsoro su ma haka suke. Na fara ɗaga hannu a aji. Na fara shiga carafke da 'yar gala-gala ba tare da jiran a kira ni ba. Idan aka ce ƙanzo, gabana yana faɗuwa, amma ƙafata ba ta gudu.

Gidan su Nana ba haka yake ba, kuma ba don ba a sonta ba. Ban ga yarinyar da ake tausayi kamarta ba. Mahaifinta manomi ne mai 'yan tumaki, mutum mai sanyin hali, uwarta kuwa ba ta son ko ƙuda ya taɓa ta. Idan Nana ta fara magana ta maƙale, sai wani ya ƙarasa mata. Idan baƙo ya gaishe ta, uwar ce ke amsawa. Ba a aikenta shago, ba a aikenta gidan maƙwabta, ƙanenta ake turawa ko da ita ce a kusa. Sau da yawa ina zaune a tsakar gidansu muna tsince zogale na ji ana cewa, "Bar ta, ba ta iyawa, kar a yi mata dariya." Nana tana ji, tana sunkuyar da kai. Alhali idan mu biyu ne a hanyar fadama, muna yankar wa awaki ciyawa, takan ba ni labari mai tsawo, ta maƙale ta wuce, ta maƙale ta wuce, ni kuwa ina jira, don labarinta yana da daɗi. Ta iya kitso tun muna ƙanana, ta iya kwaikwayon kukan kowane tsuntsu a bakin gulbi. Ba wanda ya taɓa ce mata waɗannan ma iyawa ce.

Muna aji biyar aka yi abin da har yau ban manta ba. An tashi makaranta, mun biyo ta bayan azuzuwa, sai Luba da ƙawayenta suka tare hanya. Suka riƙe hannun Nana suka ce ba za ta wuce ba sai ta faɗi sunan garin Burkusuma sau uku. Nana ta buɗe baki, harafin farko ya riƙe ta, ta yi ta fama, hawaye suna zuba, su kuma suna bin bakinta suna kwaikwayo. Ni ba su ko dube ni ba. Sai na tuna ranar da Gwaggo ta miƙo mini matsami, a ranar ma ina jin tsoro kuma aikin ya yiwu. Na matsa na ce wa Luba ta saki hannunta. Ta ce ƙanzo ma ta samu baki. Na cire hijabina da kaina, na juya mata wuyana na ce, "Ga shi nan, ku duba ku ƙoshi. In kun ƙare ku ba mu hanya." Ba wadda ta yi dariya. Suka tsaya suna kallon juna, ɗaya daga cikinsu ta kawar da kai. Na ja Nana muka koma ofishin shugaban makaranta, na faɗi abin da ya faru tun daga farko, ban bar komai ba. Washegari aka kira iyayensu.

Daga nan aka rage tsokana, ni dai kusan an daina. Amma Nana ba ta ɗauki abin a matsayin nasararta ba. A wurinta ni ce na yi, ita an cece ta ne kawai, kamar kullum. Duk ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ba ta zuwa makaranta. Wajen ƙarshen shekarar aka kawo sabon malami wanda bai san ta ba, ya tashe ta ta karanta abin da ke kan allo. Ta tsaya ta yi ta ƙoƙari, wani yaro a gaba ya yi ƙarar inji da baki, aji ya fashe. Malamin ya tsawata, ya hukunta yaron, ya ce ta zauna. Ta zauna. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Na je gidansu na yi magiya, Gwaggo ma ta taka da ƙafarta ta je. Uwarta ta ce ai gara ta huta da wulaƙanci, karatun na masu baki ne. Nana tana bakin ɗaki tana tsifar kan ƙanwarta, ba ta ɗago ba.

Ni na ci gaba. Na yi sakandare a Isa, na samu na yi karatun koyarwa, na dawo Isa ina koyar da 'yan aji huɗu. Gwaggo ta rasu ina shekarar ƙarshe a makaranta. Nana ta yi aure a wani ƙauye wajen Kurawa, ta haifi 'ya'ya uku, muna haɗuwa a suna ko ta'aziyya. Da rashin tsaro ya tsananta, gonakin nesa suka gagari mutane, ƙauyuka suka fara watsewa, mijinta kuma ya kwanta ciwo ya rasu. Sai ga ta a Isa da 'ya'yanta da ƙullin kaya, ta samu ɗaki a gidan wani ɗan'uwan mijin.

A nan ne na ga abin da ban taɓa zaton za ni gani ba. Yunwar yara ta sa Nana ta ce za ta yi sana'a. Na koya mata awara a tsakar gidana, na bi da ita yadda aka bi da ni, kaɗan kaɗan, ban karɓe komai daga hannunta ba. Ta fara da sayarwa a ƙofar gida, babbar 'yarta tana yi mata magana da masu saye. Daga baya ta matsa bakin tasha, inda 'yan kabu-kabu suke tsayawa, yarinyar kuma ta shiga makaranta. Nana, wadda ba a taɓa aike shago ba, ta zauna gaban kasko tana amsa gaisuwar baƙi da bakinta. Wata rana na biya ta wurin bayan an tashi aiki, ta tare ni da murna ta ce yau wani direba ya tsaya ya jira har ta gama maganarta, ya ce awararta ta fi ta kowa a tashar. Fuskarta a ranar irin ta hanyar fadama ce.

Ba a yi wata nawa ba wani saurayi mai shagon cajin waya a gefen tashar ya ɗauke ta bidiyo ba ta sani ba. Ya sa abokinsa ya yi ta jan ta da tambayoyi, ita kuma tana fama da amsa, tana runtse ido, tana buga ƙafa. Suka haɗa da sautin dariya da ƙarar babur da ya ƙi tashi, suka saki. Kafin mako ya zagayo ya shiga wayoyin garin, ya kai Sabon Birni, ya kai ga mutanen da ba su san ko sunanta ba. Ni a wayar wata abokiyar aikina na gan shi. Ita Nana ba ta da babbar waya. Abin da ta gani shi ne samari suna zuwa ba don saye ba, su tsaya su ce ta faɗi kaza, wayoyi a hannu. 'Yarta ce ta dawo daga makaranta tana kuka ta gaya mata dalili.

Na je shagon da rana tsaka, na sa aka kira mahaifin yaron, na yi magana a gaban mutane. Uban ya ji kunya ƙwarai, ya ba da haƙuri. Yaron ya goge, ya ce shi wasa ya yi, bai san abin zai kai haka ba. Na yarda bai sani ba. Amma gogewarsa ba ta goge na sauran wayoyin ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen kirki da yawa da suka same ni a gefe suka ce wallahi abin bai yi musu daɗi ba. Na tambaye su ko sun ce wani abu a zauren wayar da aka turo shi. Kusan duk amsa ɗaya suka ba ni, wai su wa, mi za su iya yi, abu ya riga ya bazu. Manya ne masu gemu da masu jikoki, amma sun yi tsaye kamar yadda yara suke tsayawa a filin makaranta, kowa yana ganin maganarsa ba za ta hana komai ba.

Nana ta kife kaskonta. Na yi ta zarya gidan, na ce mu sauya wuri, na ce za ni zauna da ita a tashar duk yamma har abin ya wuce, don irin wannan ba ya daɗewa, gobe wani za su samu. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta yi magana, a hankali, na jira ta kamar yadda na saba. Ta ce, "Balki, ke tun kina ƙarama anka nuna maki kina iyawa. Ni sai da na tsufa na fara ji, kuma bai kama ƙasa ba." Ta ce za ta tafi wurin dangin uwarta a tsallaken iyaka, can gaba da Burkusuma. Abin da ta tambaye ni na ƙarshe shi ne ko bidiyon yana iya riga ta isa can. Ban yi mata ƙarya ba, na ce ban sani ba. Na raka su tasha da safe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta bi ta bayan rumfuna don kar ta wuce gaban shagon.

Labarinta yana zuwa mini jefi-jefi ta bakin masu kai kaya Nijar. Suna lafiya, yaran suna girma, ita tana cikin gida tana yi wa mata kitso, ba ta fita.

A zamaninmu tsokana tana da iyaka. Tana da fuska, ka san mai yi maka, ka san gidansu, idan ka yi ƙarfin hali ka dube shi ido cikin ido wani lokaci kunya ta kama shi. Idan ka shiga zauren gidanku ka bar ta a waje, ka samu yamma guda ta hutawa, da babban da zai zaunar da kai kusa da shi ya sa maka aiki a hannu. Yanzu ina duban yaran ajina, da yawansu an taso da su daga ƙauyukansu, ba gona, ba tumaki, iyayen kowa yana ta kansa, dariya kuma tana iya shiga aljihun mutum ta kwana da shi. Ina ƙoƙarin ba kowannensu abin da zai yi da hannunsa har ya ga ya yi, musamman masu zama jikin bango. Wasu ranakun nakan ga alamar yana kamawa. Wasu ranakun kuma, idan na bi ta tasha na ga wata ta kafa kasko a wurin da Nana take zama, sai in ji kewar Kamarawa ta taso mini, da yammacin da ba wanda yake kallonmu sai tumaki. Har yau ina ganin da an ba Nana ɗan lokaci kaɗan, da ta tsaya da ƙafarta.